Yadda zama da masu ra'ayi ɗaya ke raba kawuna a kafofin sada zumunta

Hausawa na cewa sai hali ya zo ɗaya ake abota. Masana zamantakewa biyu a Amurka, Paul Lazarsfeld da Robert Merton, sun raɗa wa wannan ɗabi'a suna homofili tun 1954, wato mutum ya fi kusantar wanda ya yi kama da shi a addini, shekaru, ilimi ko ra'ayi. Duk wanda ya taɓa zama a fada ana shan shayi a Damagaram ko Yamai ya san haka. Sai dai a fada akan samu ɗan adawa guda da ba a iya kora, don maƙwabci ne. A Facebook kuwa dannawa ɗaya ta isa a rabu da shi.

Idan masu ra'ayi ɗaya suka keɓe, hujjojin ɓangarensu kaɗai suke ji, kowa kuma na son ya nuna ya fi kishi. Mai sassauci sai ya yi shiru, mai zafi ya samu yabo. A hankali matsayar taron ta zarce inda kowannensu ya faro.

An saba ɗora laifin kan manhajar da ke zaɓo wa mutum abin da zai gani. Amma a 2015 wani bincike da masu bincike na Facebook suka fitar a mujallar Science, kan Amurkawa sama da miliyan 10, ya nuna cewa zaɓin mutum na abin da yake buɗewa ya fi manhajar rage masa labaran ɗayan ɓangaren. Kamfanin ne ya binciki kansa, don haka a karɓi sakamakon da hattara.

Jin muryar abokin hamayya ma ba lalle ya zama magani ba. A binciken da Christopher Bail na jami'ar Duke ya jagoranta, wanda ya fito a 2018, an biya mutane su bi saƙonnin ɗayan ɓangaren a Twitter tsawon wata guda. Magoya bayan jam'iyyar Republican sun fito sun ƙara riƙe ra'ayinsu na mazan jiya.

A nan Nijar muhawarar siyasa na yawan gudana a rukunonin WhatsApp, sau da yawa ta saƙon murya. A can babu manhajar da ke tace saƙonni. Mai kula da rukuni ne ke shigar da wanda ya yarda da shi, shi ne kuma ke fitar da wanda ya cika gardama.