Masu nutso a teku: Ina ya dace a ɗaura kamfas?

Mai nutso da tukunyar iska a bayansa yana bukatar amsar tambayoyi uku muddin yana ƙarƙashin ruwa: nawa ne zurfin da ya kai, minti nawa suka rage masa, kuma wace nahiya ya dosa.

'Yar ƙaramar kwamfutar da ake ɗaurawa a tsintsiyar hannu ce ke amsa biyun farko. Ta ukun kuwa aikin kamfas ne, irin dai wanda matafiya ke neman alƙibla da shi, sai dai an cika wannan da mai, an kuma rufe shi ruf yadda zai jure matsin ruwa.

Da yake dukansu biyu an yi su ne don a riƙa dubawa a kai a kai, masu koyar da nutso sun daɗe suna muhawara kan inda ya kamata kowanne ya zauna a jiki.

Me ya sa ake bukatar su?

Duk mita 10 da mutum ya ƙara a zurfi, matsin da ke kansa yana ƙaruwa da kwatankwacin matsin iskar da ke doron ƙasa. Hakan na sa iskar naitrojin ta riƙa narkewa cikin jini da tsoka. Idan ya taso da gaggawa sai ta yi kumfa, abin da kan jawo ciwon gaɓoɓi, ko shanyewar jiki, ko ma mutuwa.

Kwamfutar ce ke lissafa wannan. Tana gargaɗi idan mutum ya wuce saurin kimanin mita 9 zuwa 10 a minti ɗaya wajen tasowa, tana kuma ƙidaya minti uku da ake tsayawa a zurfin mita 5 kafin a fito.

Shi kuwa kamfas, dalilinsa shi ne saƙon tauraron ɗan adam da wayoyin hannu ke gane hanya da shi ba ya ratsa ruwa. A Bahar Maliya ido kan hangi nisan mita 30, amma a tafki ko bakin kogi mai laka da kyar mutum ke ganin abokin tafiyarsa. Wanda ya ɓace kan ƙarar da iskarsa wajen neman hanya, ko ya ɓullo nesa da jirgin da ya kawo shi.

Kamfanin Suunto na ƙasar Finland, wanda Tuomas Vohlonen ya kafa a 1936, ya fitar da kamfas ɗinsa na nutso na farko a 1965. Kwamfutocin nutso na zamani kuwa sun fara shiga kasuwa ne a 1983.

A tsintsiyar hannu

Tsarin da ya fi shahara tsakanin masu shiga koguna da wurare masu zurfi shi ne kwamfuta a dama, kamfas a hagu. Haka ƙungiyar horaswa ta Global Underwater Explorers ke koya wa ɗalibanta.

Dalili kuwa shi ne, da hannun hagu ake riƙe mesar da ke rage iska daga rigar da ke daidaita nauyin mai nutso. A lokacin tasowa wannan hannu yana sama yana aiki, saboda haka dole kwamfutar ta kasance a hannun da ke sake, a gaban ido, domin a wannan lokaci ne hatsari ya fi yawa.

Matsalar kamfas a hannu ita ce karkata. Akwai wani layi da aka ja a fuskarsa wanda dole ya yi daidai da tsakiyar jiki, wato inda mutum ya fuskanta. Don haka ake koya wa ɗalibi ya miƙe hannun dama gaba, ya lanƙwasa na hagu ya kama damtsen daman, ta yadda kamfas zai zo daidai gaban fuskarsa. Wannan tsayuwa tana gajiyarwa idan tafiyar ta yi nisa, shi ya sa wasu ke ɗaura shi da roba a bayan tafin hannu.

Wasu kuma kan jera na'urorin biyu a hannu guda. Hakan yana ba da damar duba su lokaci ɗaya, amma yakan tura ɗayansu can kusa da gwiwar hannu inda karanta shi ke da wuya.

A jikin mesa ko igiya

A kayan haya na wuraren yawon buɗe ido, galibi kamfas yana haɗe da ma'aunin iska a ƙarshen wata mesa da ta fito daga tukunya. Amfaninsa shi ne ba a manta shi a jirgi, kuma ana iya riƙe shi da hannu biyu a gaban ƙirji. Sai dai idan mesar ta yi gajarta takan fizgo shi gefe, idan kuma aka bar ta tana reto takan ja ƙasa ta farfasa murjani.

Akwai kuma igiya mai komawa gidanta da kanta, kamar tef ɗin awon magina, wadda ake maƙalawa a zoben ƙirji. Ana jawo kamfas a duba, a sake shi ya koma. Yashi da gishiri kan hana ta aiki idan ba a wanke ta da ruwan daɗi ba.

Masu bincike da masu aikin ceto sukan kafa shi a kan ɗan allo da suke riƙewa da hannu biyu. Wannan ya fi kowanne daidaito, amma yana cinye hannuwan duka.

Ƙarfe da maganaɗisu

Duk inda aka ɗaura shi, kamfas yana bin maganaɗisun duniya ne, kuma ƙarfe na kusa yakan ruɗe shi. Wuƙa, da tocila mai makunnin maganaɗisu, da maɗaurin kaya irin mai mannewa da maganaɗisu, duk suna iya karkatar da shi.

Gwajin yana da sauƙi. Kafin a shiga ruwa, a matso da kamfas kusa da kwamfuta da sauran kaya ɗaya bayan ɗaya. Idan allurarsa ta motsa, sai a raba su.

A kusa da jiragen ƙarfe da suka nutse, kamar Thistlegorm da aka nutsar a ruwan Masar a 1941, ko Umbria da ke kwance kusa da Port Sudan tun 1940, ba a dogara da kamfas. A nan siffar jirgin da igiyar sauka ne jagora.

Kamfas a cikin kwamfuta

A 2004 Suunto ya fitar da D9, kwamfuta mai girman agogon hannu da ke ɗauke da kamfas na lantarki, kuma a yau kwamfutoci da dama suna zuwa da shi.

Wannan ya rage kaya, amma muhawarar tana nan. Kamfas na lantarki yana bukatar a riƙa saita shi, kuma idan batir ya mutu an rasa zurfi da lokaci da hanya baki ɗaya. Shi ya sa masu nutso a wurare masu duhu ko masu igiyar ruwa ke ci gaba da ɗaukar na allura a matsayin ko-ta-kwana.

Abin da masu horaswa suka fi yin ittifaƙi a kai shi ne, kwamfuta ta zauna inda za a gan ta ba tare da an taɓa komai ba, kamfas kuma inda za a iya kawo shi tsakiyar jiki a kwance ba a karkace ba, sannan kada mutum ya riƙa sauya wurin daga wannan nutso zuwa wancan.