Asalin Kalma: Asibiti

A zamanin Turawa Bahaushe ya ari wannan kalma daga Ingilishi, ya sassaƙe ta daidai bakinsa. Amma tushenta Latin ne, "hospes", wadda ke nufin baƙo, ta kuma nufi mai masaukinsa. Daga nan otal ya fito, haka ma hospis, gidan da ake jinyar wanda ciwonsa ya fi ƙarfin magani. Na yara na farko shi ne Helen House, da aka buɗe a Okusfod ta Ingila a 1982.

A irin wannan jinya, likita mai neman ƙwarewa yana koyon auna mofin, maganin rage zafin ciwo, gwargwadon nauyin yaro, da yadda zai zauna da iyaye ya gaya musu gaskiya cikin tausasawa. Na biyun ya fi wuyar koyo.