Daga Wane Ɓangaren Sama Girgizar Sararin Samaniya Take Zuwa?

Tun a 1916 Albert Einstein ya ce idan abubuwa masu tsananin nauyi suka kewaya juna ko suka yi karo, sararin samaniya kansa yana girgiza, girgizar ta bazu kamar yadda ruwan tafki yake yi in an jefa dutse. Ba a kama ta ba sai ranar 14 ga Satumba, 2015, a na'urorin LIGO guda biyu da ke Hanford da Livingston a Amurka. Baƙaƙen ramuka biyu ne suka haɗe, wato taurarin da suka mutu suka dunƙule har haske ba ya iya fita daga cikinsu, a nisan da haske zai yi shekara kusan biliyan 1.3 kafin ya iso mu.

Ta yaya ake gane inda ta fito? Kamar dai kunnuwa biyu ne: na'urar da ta riga ji, ita ta fi kusa da wajen. Amma biyu ba sa isa, shi ya sa a karon farko yankin da aka nuna ya kai faɗin cikakken wata kusan 3,000. Da na'urar Virgo ta Italiya ta shigo, sai abin ya gyaru. Ranar 17 ga Agusta, 2017 aka kama karon wasu taurari biyu masu suna niyutiron, har aka ga haskensu a galaksi NGC 4993, wato wani tarin taurari mai nisan shekarun haske kusan miliyan 130.

Zuwa Maris 2020 an tara irin wannan karo guda 90, kuma babu wani ɓangaren sama da ya fito fili ya fi wani yawa. Dalili kuwa, daga nesa ƙwarai suke zuwa, ba daga galaksin da muke ciki ba, kuma a irin wannan nisa halitta kusan iri ɗaya take ta ko'ina.

Sai dai masana na sa ran in adadin ya ƙaru za a ga tsari. Ni da na tashi a gidan fataken shanu a Potiskum, ga yadda na fahimce shi: in kana da taswirar inda tireloli goma kawai suke, ba za ka gane komai ba. In dubbai ne, da kansu za su zana maka hanyar Kano zuwa Ibadan da Legas, ka ga inda ake cunkoso da inda ba kowa. Haka galaksi suke, a jere kamar zaren gizo-gizo, da manyan wurare fayau a tsakani, kuma a cikinsu ake karon.

Amfanin wannan babba ne. Girgizar da kanta tana nuna nisan inda ta fito, don haka in an san galaksin, ana iya auna saurin da sararin samaniya yake buɗewa, lissafin da har yau masana ke saɓani a kai.