Sitiriyolitografi: ƙera kaya da haske, da tarihin mallakarsa

Sitiriyolitografi fasaha ce ta ƙera abu mai tsawo da faɗi da kauri daga wani ruwa mai danƙo da ke daskarewa idan haske ya taɓa shi. Ana zuba ruwan a mazubi, sai hasken leza ya bi zanen da kwamfuta ta tsara a samansa. Duk inda ya taɓa, ƙwayoyin sinadarin su sarƙe da juna su zama roba mai tauri. Daga nan faifan da ke riƙe da aikin ya gusa kaɗan, galibi abin da bai wuce kashi ɗaya bisa goma na milimita ba, a sake haska wani falle a kan na farko, har siffar ta cika. Bayan an ciro ta, ana wanke ta da sinadarin alkohol, a ƙara gasa ta da haske. Ɗanyen ruwan na cutar da fata, don haka ba a taɓa shi sai da safar hannu.

Tarihin mallakar fasahar ya fi aikinta sarƙaƙiya. Hideo Kodama, mai bincike a birnin Nagoya na Japan, ya wallafa bayaninta a 1981, amma neman haƙƙin mallakar da ya fara bai kai ga gaci ba. A watan Yulin 1984 wasu Faransawa uku, Alain Le Méhauté da Olivier de Witte da Jean-Claude André, suka shigar da tasu takardar. Kamfanonin da ke ɗaukar nauyin binciken suka yi watsi da ita, wai ba su hango kasuwa ba. Makonni uku bayan haka Chuck Hull na Amurka ya shigar da tasa, aka ba shi haƙƙin a watan Maris na 1986, ya kuma kafa kamfanin 3D Systems tare da abokan hulɗarsa.

Wannan rinjaye ya daɗe. Ko a 2012, lokacin da kamfanin Formlabs ya tara kusan dala miliyan 3 a dandalin Kickstarter domin fitar da ƙaramar na'ura mai rahusa, 3D Systems ya maka shi a kotu, sai a 2014 suka sasanta.

Kasuwar da aka ce babu ita yanzu tana cikin asibitoci: da wannan hanya ake ƙera ɓawon na'urorin taimaka wa ji da samfuran gyaran haƙori, da ita kuma aka buga tsinkayen gwajin korona a Amurka a 2020, lokacin da suka yi ƙaranci.