Daga Karofi Zuwa Injin Buga Atamfa: Tarihin Kayan Aikin Rini da Ado a Jikin Tufa

Gabatarwa

Duk ranar taronmu na shekara-shekara mukan fito cikin shadda da atamfa da kamfala iri-iri, amma da wuya a sami wanda zai iya faɗin da wane kayan aiki aka sa wa tufar jikinsa launi da ado. Wannan ba ƙaramin abin dubawa ba ne ga mutanen da kakanninsu suka tufatar da rabin Afirka ta Yamma. Abin da wannan maƙala za ta yi shi ne bin sawun kayan aikin rini tun daga karofi har zuwa injin masaƙa, domin a ga yadda kasuwar tufa ta riƙa bin duk wanda ya fi kayan aiki nagari.

Karofi da Kayan Aikinsa

Rini daɗaɗɗiyar sana'a ce a ƙasar Hausa. Masu marinar Ƙofar Mata a Kano suna cewa an kafa ta a shekara ta 1498, wato ƙarshen zamanin Sarki Muhammadu Rumfa. Sunayen wurare ma sun isa shaida, kamar Karofin Zage da Karofin Sudawa a cikin birnin Kano, da garin Karofi a Jihar Katsina.

Babban kayan aikin marini shi ne ramin rini, wanda zurfinsa ya zarce tsawon mutum. A cikinsa ake zuba ruwa da baba da toka da katsi, a bar su su ruɓa tsawon kwanaki, ana motsawa da muciya, wata doguwar sanda, har kumfa ta taso, alamar ruwan ya nuna. Da dare ko lokacin ruwan sama sai a kife bakin ramin da murfin saƙa mai kama da malafa. Abin mamaki shi ne tufa ba ta fitowa shuɗiya daga ramin. Tana fitowa ne tsanwa-tsanwa, sai ta sha iska sannan ta juye. Malamanmu na kimiyya za su tuna mana dalili: shuni ba ya narkewa a ruwa sai ruɓa da toka sun canza shi, in ya haɗu da iska kuma sai ya koma yadda yake, ya maƙale cikin zare. Shi ya sa marini ke tsomawa ya ɗaga, ya sake tsomawa, sau da yawa, gwargwadon duhun da ake so.

Abin da ya ɗaukaka Kano a wannan sana'a shi ne laso. Wani irin siminti ne na gargajiya da ake haɗawa da ƙonannen katsi da dafara da gashin dabbobi daga majema, a shafe cikin ramin da shi, ruwa ba ya yoyo. Marigayi Philip Shea, wanda ya daɗe yana koyar da tarihi a Jami'ar Bayero, ya nuna a bincikensa na 1975 cewa a da cikin manyan tukwanen ƙasa ake rini, kuma komawa ga ramin laso ne ya ba marina damar yin ramuka manya masu ɗaukar tufa da yawa a kan kuɗi kaɗan. A kula, katsin da ake yin lason da shi, dattin da ya kwanta ne a gindin ramin, wato sana'ar da kanta take haifar da abin ginin ta. Kiyasin masana ya kai ramuka 15,000 zuwa 20,000 a ƙasar Kano a ƙarshen ƙarni na 19.

Bayan rini sai bugu. Akan shimfiɗa tufar a kan gungumen icce mai santsi, a barbaɗa garin shuni, mabuga su yi ta dukanta da gudumar icce har ta ɗauki walƙiya. Da haka garin Kura ya yi suna wajen turkuɗi da rawani ɗan Kura, waɗanda Buzaye ke saye da tsada su kai Agadas da cikin Sahara. Bature Heinrich Barth da ya zo Kano a 1851 ya kiyasta cinikin tufafin garin a kan wuri miliyan 300 a shekara, ya kuma ambaci cewa ana kai su har Tambutu da Tarabulus.

Ɗauri da Adire

Karofi launi ɗaya yake bayarwa. Wanda ke son ado dole ya hana baba shiga wasu sassa na tufar, kuma a kan wannan dabara ɗaya tak aka gina duk kayan aikin da za mu ambata nan gaba.

Hanya mafi sauƙi ita ce ɗauri. Kayan aikinta zare mai ƙarfi ne, da allura, da tsakuwa ko ƙwayar iri. Mata a cikin gida su ke ƙulle tufar, ko su ɗinke ta su tsuke, maza su tsoma a marina. In aka kwance, duk inda zare ya matse sai ya fito fari, da'ira-da'ira ko layi-layi. Ladan aikin ya riƙa shiga hannun matan aure ba tare da sun taka ƙofar gida ba.

Yarabawan Abekuta da Ibadan su suka kai wannan fasaha nesa, da sunan adire, ma'ana a ɗaure a rina. Can mata ne marina, a manyan tukwane suke yi, da ganyen talaki. A farkon ƙarni na 20, da farin yadi na Ingila mai laushi ya yawaita, sai suka ɓullo da adire eleko. Ana dama kullun rogo, a zana shi a fuska ɗaya ta yadin da gashin kaza ko tsinken kwakwa, a bari ya bushe, a rina, a kankare. Zane ɗaya na iya cin kwanaki. Saboda haka maza suka shiga yanka faranti daga dalmar da ke cikin akwatunan ganyen shayi, daga baya kuma kwano, suna huda siffar adon a jiki. Sai a ɗora farantin a kan yadi, a shafa kullu ta cikin hudojin, a ɗaga a matsa gaba. Aikin mako ya koma na wuni. Ɗaya daga cikin adon da ya fi karɓuwa shi ne wanda aka kwaikwayo daga hoton Sarkin Ingila George na Biyar da matarsa, na bikin cikarsa shekara 25 a kan gado a 1935.

Daga shekarun 1960 kuma sai ga kamfala, wadda ake yi da narkakken kyandir da hatimin icce ko na soso, da launuka na kanti masu yawa. Ana cewa ta sami sunanta daga taron sulhun yaƙin basasa da aka yi a Kampala ta Uganda a 1968.

Hatimin Jawa da Injin Turai

Atamfar da matanmu ke ɗaurawa, asalinta tsibirin Jawa ne a ƙasar Indunusiya. Can ake yin batik, wato ado da kakin zuma. Kayan aikinsu na asali shi ne chantin, wani ɗan ƙaramin mazubi na jan ƙarfe mai siririn baki da mariƙin gora, wanda mace ke ɗiban narkakken kaki da shi tana zane kamar mai rubutu da alƙalami. Zane mai kyau kan ci watanni. A tsakiyar ƙarni na 19 suka shiga amfani da chap, hatimin da ake ƙerawa da siraran jan ƙarfe, a tsoma a kaki a danna a kan yadi, domin su iya gogayya da yadin Turai mai araha. A 2009 hukumar UNESCO ta sa batik cikin jerin al'adun duniya da ya wajaba a kiyaye.

A Turai kuwa, da hatimin icce ake buga ado da hannu, har 1783 lokacin da Thomas Bell, mutumin Sikotilan, ya yi rajistar injinsa. Ana sassaƙa adon a jikin gangar jan ƙarfe, gangar tana juyawa tana ɗiban launi tana bugawa a kan yadin da ke wucewa, kowane launi da gangarsa. Inji ɗaya ya maye gurbin mabuga masu yawa.

Mutanen Holan, waɗanda ke mulkin Jawa, suka nemi kwaikwayon batik da inji domin su sayar wa Jawawa. A garin Haarlem aka ƙera injin da ke buga ƙaro a fuska biyu ta yadi a maimakon kaki. Ƙaron yakan tsattsage, launi ya kutsa ta tsagar ya bar jijiyoyi. Jawawa suka ɗauki wannan aibi ne. Amma abincin wani gubar wani: da wani ɗan kasuwa, Ebenezer Brown Fleming, ya kawo irin wannan yadi Gwalkwas, Ghana ta yau, a shekarun 1890, sai jijiyoyin nan suka zama abin so. Kamfanin Vlisco na garin Helmond, wanda aka kafa a 1846, har yau da wannan yake ci, kuma shi ne mai atamfar da muke kira Holan. Wata atamfar ma Java ake kiranta a kasuwa, sunan tsibirin ne ya bi ta.

Shi kansa baba bai tsira ba. A 1897 kamfanin BASF na Jamus ya fara sayar da shunin da aka haɗa a masana'anta, bisa binciken Adolf von Baeyer. Da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, hanya ta buɗe wa yadin Manchesta, daga baya kuma shunin gwangwani. A Abekuta, haɗa sabon shunin da soda ya riƙa cinye yadi har masu saye suka fara gudu, Alake ya hana amfani da su a shekarun 1930, matan marina kuma suka tashi tsaye suka yi jayayya da dokar.

Kaduna: Samu da Rashi

Shugabanninmu na farko sun gane cewa audugarmu ce ake kaiwa Ingila a dawo mana da ita yadi. Gwamnatin Jihar Arewa ƙarƙashin Sardauna, Sir Ahmadu Bello, ta haɗa gwiwa da kamfanin David Whitehead na Ingila aka kafa masaƙar Kaduna, KTL, wadda ta fara aiki a 1957 da saƙa akoko. A 1964 aka kafa UNTL, wadda ta kawo injunan buga atamfa, ga kuma Arewa Textiles da Nortex. Kakuri ta cika da dubban ma'aikata, kuma da yawa daga cikinmu da albashin masaƙa aka biya mana kuɗin makaranta. A shekarun 1980 masaƙu ne ke bin gwamnati wajen ɗaukar ma'aikata a Nijeriya.

Sai dai akwai wani bambanci da ya kamata mu tsaya a kansa. Marinin Kura shi ke gina raminsa, ya haɗa lasonsa, ya sayi baba a wurin manomin ƙauyensa. In wani abu ya lalace, gyaransa na nan kusa. Masaƙar Kaduna kuwa, injin daga waje, kayan gyaransa daga waje, launin ma daga waje. Da aka karya darajar naira a 1986 a ƙarƙashin shirin SAP, sai kowane ƙusa ya zama sai da dala. Ga rashin wutar lantarki, ga tsadar baƙin mai, ga fasa-ƙwauri ta kan iyakoki. A daidai lokacin kuma wasu ƙasashe suna ta sabunta injunansu da gangar raga mai juyawa, wadda kamfanin Stork na Holan ya fito da ita a 1963, mai sauri da araha. KTL ta rufe a 2002. A 2005 aka kawo ƙarshen yarjejeniyar da ke ƙayyade cinikin tufa a duniya, atamfar Sin ta malale Kantin Kwari, UNTL ta rufe masaƙarta ta Kaduna a 2007. Kayan aro ba ya rufe katara, in ji Hausawa.

Kammalawa

Yau akasarin rinin da ake yi a garuruwanmu a cikin duro da manyan tukwanen ƙarfe ake yin sa, da launin kanti da soda, kuma ruwan da ake zubarwa a kwata yana cutar da rijiyoyin unguwa. A Ƙofar Mata ramuka da yawa sun cike da ƙasa, kaɗan ne ke aiki. Masu sanin haɗin laso dattawa ne, kuma ilimin a ka yake, ba a takarda ba.

Tarihin nan ya nuna cewa Kano ta riƙe kasuwa lokacin da ta ƙirƙiro ramin laso, Abekuta lokacin da ta yanka faranti daga akwatin shayi, Jawa da hatiminta, Holan da gangarta. A cikinmu akwai injiniyoyi da masana kimiyya da ma'aikatan hukuma da 'yan kasuwa. Ba zai gagare mu ba mu tura ɗalibai su zauna da dattawan marina su rubuta yadda ake haɗa laso da ruwan baba, mu kuma sama wa ɗakin fasaha na makarantarmu baho da hatimi da faranti, domin yaro ya rina ƙyalle da hannunsa ya ga yadda tsanwa ke juyewa shuɗi kafin a rubuta masa dalilin a allo. Kuɗin wannan bai kai na ankon taro ɗaya ba.

Allah ya jiƙan malamanmu da 'yan uwanmu da suka riga mu gidan gaskiya, ya ƙara wa waɗanda ke raye lafiya da nisan kwana, amin.