Blissey: Garkuwa da Mai Jinya a Gasar Pokémon

Blissey ɗaya ce daga cikin halittun wasan Pokémon na kamfanin Game Freak da ke Japan, wanda Nintendo ke fitarwa. Ta fara bayyana a Pokémon Gold da Silver a shekarar 1999, kuma lambarta 242 a kundin halittun wasan. Daga Chansey take rikiɗewa, ita kuwa Chansey tana nan tun fitowar wasan na farko a 1996. Dukan Blissey mata ne. A fagen gasa an san ta da shanye hare-haren da ake kira na musamman da kuma jinyar tawagarta, kuma fiye da shekara ashirin 'yan wasa suna sa ta a lissafi duk lokacin da suke haɗa tawaga.

Alƙalumanta

Kowace halitta a wasan tana da alƙaluma shida na asali. Na Blissey su ne: rai 255, harin jiki 10, kariyar jiki 10, hari na musamman 75, kariya ta musamman 135, sauri 55. Babu halittar da ta fi ta yawan rai na asali a cikin waɗanda ake gasa da su. A mataki na 100, idan an cika mata horo, ranta yana kai 714, alhali yawancin maharan da take fuskanta tsakanin 300 da 400 suke.

Hare-haren wasan kashi biyu ne. Na jiki, irin su naushi da cizo da bangaza, da kariyar jiki ake auna su. Na musamman, irin su harshen wuta da tsawa da ƙanƙarar da ake harbowa daga nesa, da kariya ta musamman ake auna su. Blissey ta yi zarra a kashi na biyu, ta kuma zama abin tausayi a na farko. Nau'inta na gama-gari ne, don haka harin nau'in faɗa kaɗai ke yi mata ɓarna ninki biyu, harin nau'in fatalwa kuwa ba ya taɓa ta sam.

Rabon makin horo

Ana ba kowace halitta makin horo 510, kuma ba a zuba fiye da 252 a alƙalami ɗaya. Sabon shiga yakan ɗauka cewa a kariya ta musamman ya kamata a zuba su, tunda nan ne ƙarfinta. Lissafi bai goyi bayan haka ba. A mataki na 100, kariyar jikin Blissey 56 ce idan ba horo. Da maki 252 sai ta koma 119, idan kuma aka haɗa da halin Bold, mai ƙara kashi goma cikin ɗari, ta kai 130, wato ta ninka har da ɗoriya. Waɗannan makin kuwa, da a kariya ta musamman aka zuba su, daga 306 zuwa 369 kawai za su ɗaga ta, ƙarin kusan kashi ɗaya cikin biyar. Shi ya sa rabon da ya fi yawa a tarihin gasa shi ne a cika rai da kariyar jiki, a bar ɗaya ɓangaren yadda yake. Wannan ba ya mayar da ita garkuwar harin jiki. Abin da yake yi shi ne hana ta faɗuwa da bugun farko daga matsakaicin mahari, ta samu damar janyewa da ranta.

Wasu sukan zaɓi halin Calm idan tawagarsu na tsoron wani mahari na musamman mai ƙarfin gaske. Hali biyun duka harin jiki suke ragewa, kuma Blissey ba ta da abin yi da shi.

Fasahohi huɗu

Gurbi huɗu kowace halitta ke da shi, kuma biyu daga cikin na Blissey kusan a rufe suke. Na farko na Soft-Boiled ne, mai dawo da rabin ranta a zagaye ɗaya. Na biyu na Seismic Toss ne, wanda ba ruwansa da ƙarfin harinta: ɓarnarsa daidai take da matakin mai amfani da shi, wato 100 cif a mataki na 100. Da shi ne halitta mai harin jiki 10 ke iya cire wa abokin hamayya kwata ko sulusin ransa a kowane zagaye.

Wannan tsayayyen adadi ya haifar da wata dabara da aka daɗe ana yi mata. Fasahar Substitute tana cire wa halitta kwatan ranta ta gina mutum-mutumin da zai tare mata hari. Halittar da ranta ya kai 404 takan gina mai rai 101, sai Seismic Toss ya bar masa rai ɗaya tak, ya zama dole Blissey ta yi bugu biyu kafin ta rushe shi. Tun zamanin Ruby da Sapphire 'yan wasa ke daidaita makin horon halittu irin su Celebi da Jirachi don su kai wannan adadi. Matsala ta biyu ita ce Seismic Toss na nau'in faɗa ne, ba ya taɓa fatalwa irin Gengar.

Sauran gurabu biyun su ke nuna irin aikin da tawaga ke so ta yi. Toxic yana sa guba mai ƙaruwa: kashi ɗaya cikin sha shida na rai a zagayen farko, biyu a na biyu, uku a na uku, haka har gaba. Halittar da ta tsaya ba ta janye ba, ba ta kuma warkar da kanta ba, a zagaye na shida za ta faɗi. Nau'in ƙarfe da na guba ne ba ya kamawa. Thunder Wave yana shanye jiki, ya rage sauri da rabi tun daga zubi na bakwai na jerin wasannin Pokémon, ga kuma yiwuwar kashi ɗaya cikin huɗu ta kasa motsi a kowane zagaye. Tawagar da ke da mahara masu nawa ta fi son wannan, mai wasan jan lokaci kuwa ya fi son guba.

Heal Bell da Aromatherapy suna wanke guba da ƙuna da barci daga dukan tawaga. Stealth Rock, wanda ya zo a 2006, yana watsa duwatsu a filin abokin hamayya, duk halittar da ta shigo ta rasa kashi ɗaya cikin takwas na ranta, wadda kuma dutse ke yi wa ɓarna ninki huɗu, kamar Charizard da Volcarona, ta rasa rabi. Blissey ta dace da wannan aiki saboda sau da yawa tana samun zagayen da babu mai iya yi mata komai. Wish kuwa ya canja fuska a zubi na biyar, lokacin da aka mayar da warakarsa rabin ran wanda ya yi shi. Daga Blissey mai rai 714 hakan na nufin 357, abin da ya isa ya cika ran halittu da dama daga bakin mutuwa.

A cikin baiwarta uku, Natural Cure ce ake ɗauka kusan kullum, domin da zarar ta janye daga fili duk wata guba ko ƙuna ko shanyewar jiki ta tafi. Serene Grace, mai ninka yiwuwar illar da ke biyo bayan hari, tana da masu amfani da ita jefi-jefi. Healer ta wasan bibbiyu ce.

Ita da Chansey

Daga 1999 zuwa 2010 babu mai tantama cewa Blissey ta fi Chansey. Pokémon Black da White suka kawo Eviolite, kayan riƙo mai ƙara rabi a kan kariya biyun duk halittar da ba ta gama rikiɗa ba. Chansey, mai rai 250 da kariyar jiki 5 da kariya ta musamman 105, sai ta wayi gari da kariyar jiki 178 da ta musamman 369 a rabon horo iri ɗaya da wanda ke ba Blissey 130 da 306. Ran nasu kuwa 704 ne da 714. A zubi na shida da na bakwai Chansey ce ta fi fitowa.

Abin da ya rage wa Blissey shi ne hannunta a sake yake. Tana iya riƙe Leftovers, mai dawo da kashi ɗaya cikin sha shida kowane zagaye, ko Shed Shell, mai ba ta damar tserewa daga masu kulle fili. Hari na musamman 75, idan aka gwada da 35 na Chansey, ya isa ta yi amfani da Flamethrower ko Ice Beam. Chansey kuma duk ƙarfinta a kan kaya ɗaya ya rataya, kuma tun 2013 da aka ƙara wa Knock Off ƙarfi, fasahar da ke kaɓe kayan riƙo, ya zama ruwan dare.

Zubi na takwas ya sake juya lissafin. Sword da Shield na 2019 sun zo da Heavy-Duty Boots, takalman da ke hana duwatsu da ƙayoyin fili taɓa mai su, aka kuma mayar da Teleport fasahar janyewa da ke faruwa a ƙarshen zagaye. Da Blissey ta dawo wasan a 2020, sai ta riƙa shigowa ba tare da asara ba, ta shanye hari, sannan ta shigo da mahari mai rauni lafiya lau ba tare da an taɓa shi ba. Wannan ne lokacin da ta fi shiga tawagogin da ba na jan lokaci ba.

Abokan tafiya

Haɗin da ya fi suna shi ne nata da Skarmory, tsuntsun ƙarfe mai kariyar jiki 140, har 'yan wasa suka haɗe sunayensu suka ce SkarmBliss. Shi ya tare harin jiki ya watsa ƙayoyin Spikes, ita ta tare na musamman. Daga baya Corviknight ya riƙa yin irin aikin. Tawagar jan lokaci takan ƙara da mai baiwar Unaware, irin Quagsire ko Clefable ko Dondozo, wanda ba ya lissafa ƙarfin da abokin hamayya ya tara, da kuma Toxapex, mai jure harin faɗa, wadda ke dawo da sulusin ranta duk lokacin da ta janye.

Yadda ake karya ta

Hanya mafi sauƙi ita ce harin jiki mai ƙarfi, musamman na faɗa. Kafin 2006 nau'in fasaha ne ke tantance ko ta jiki ce ko ta musamman, don haka duk harin wuta ko ruwa ko lantarki a kariyarta mai ƙarfi yake sauka. Diamond da Pearl suka raba kowace fasaha da matsayinta, sai aka samu harin wuta da na ruwa na jiki, aka kuma samu Close Combat mai ƙarfi 120. Zubi na biyar ya ƙara da Psyshock da Secret Sword, hare-hare na musamman da ake aunawa da kariyar jiki. Keldeo, duk da mahari ne na musamman, da Secret Sword yake korar ta.

Taunt yana hana ta duk fasahar da ba hari ba, har da Soft-Boiled. Trick yana iya ɗora mata Choice Scarf, ta maƙale a fasaha ɗaya har sai ta janye. Dugtrio da baiwarsa ta Arena Trap yakan kulle ta a fili ya gama da ita idan ranta ya ragu. Guguwar yashin Tyranitar tana cinye daidai abin da Leftovers ke dawo mata da shi.

Amma babban rauninta shi ne zagayen da take bayarwa kyauta. Duk lokacin da ta tsaya warkar da kanta, abokin hamayya yana da damar shigo da maharin jiki, ko ya tara ƙarfi da Swords Dance, ko ya watsa ƙayoyinsa. Don haka gwanayen 'yan wasa ba sa barin ta ta daɗe a fili. Sukan shigo da ita ta shanye hari, ta yi abu ɗaya mai amfani, ta fita kafin a juya lamarin. Wani lokaci ma, idan sun hango cewa abokin hamayya zai canja saboda tsoronta, sai su canja tare da shi. Wanda ya mayar da ita mafakar da ake gudu cikinta kowane lokaci yana koya wa abokin hamayyarsa inda zai yi kwanto ne.

Zubi na tara da wasan bibbiyu

Scarlet da Violet na 2022 sun rage mata ƙarfi. Adadin amfani da Soft-Boiled ya sauko daga 16 zuwa 8, ta kuma rasa Toxic da Teleport. Ga Gholdengo, mai nau'in ƙarfe da fatalwa, wanda Seismic Toss ba ya taɓawa, baiwarsa ta Good as Gold kuma ta hana Thunder Wave kama shi, yana iya tsayawa gabanta ya tara ƙarfi da Nasty Plot. Wannan ya sa aka riƙa ba ta Calm Mind tare da Flamethrower ko Shadow Ball, ana kuma amfani da tsarin Terastal wajen canja mata nau'i sau ɗaya a wasa.

Duk bayanin da ya gabata na wasan ɗaiɗai ne, shida da shida a mataki na 100, bisa ƙa'idojin dandalin Smogon da aka kafa a 2004, wanda galibi ake bugawa a manhajar Pokémon Showdown. Gasar hukuma ta kamfanin Pokémon ta bibbiyu ce, a mataki na 50, kowa ya fito da huɗu daga cikin shidansa. A can halittu biyu na iya haɗuwa a kanta lokaci guda, ko su ƙyale ta su gama da abokin tafiyarta, wasan kuma yakan ƙare cikin 'yan zagaye kaɗan. Shi ya sa ba kasafai ake ganin Blissey a Gasar Duniya ba, alhali a wasan ɗaiɗai da wuya a ga tawagar jan lokaci babu ita ko Chansey.