Daga Takardar Haraji zuwa Katin Zaɓe Mai Hoto: Tarihin Tantance Mai Jefa Ƙuri'a a Ƙasar Kankiya da Kusada

Gabatarwa

Manufarmu a wannan takarda ita ce mu bi diddigin wata tambaya wadda ta daɗe tana damun masu shirya zaɓe, wato ta yaya za a tabbatar cewa mutumin da ya zo jefa ƙuri'a shi ne mai sunan da ke cikin rajista. Mun ɗauki Kankiya da Kusada a matsayin misali domin ƙasa ce ta manoma da 'yan kasuwa, wadda ta ga kowane irin tsarin zaɓe da aka gwada a Arewa tun zamanin En'e. A yau su biyun, tare da Ingawa, mazaɓa ɗaya suke a Majalisar Wakilai ta Tarayya.

Zamanin Shaidar Ido

Zaɓen 1951 ba na kai tsaye ba ne. Magidanta masu biyan haraji su ne ke taruwa a ƙauye su fid da wakilai, waɗannan su zaɓi na gunduma, a yi ta hawa har zuwa lardi. A wannan tsari ba a bukatar hoto, domin mai unguwa da dagaci sun san kowa da gidansu, takardar haraji kuma ita ce shaidar mutum. Amfanin wannan hanya shi ne baƙo ba ya iya shiga rigar ɗan gari. Illarta kuwa, wanda yake tantance mutum shi ne kuma yake da iko a kansa, abin da 'yan jam'iyyar NEPU suka yi ta kuka a kai ke nan.

A zaɓen tarayya na watan Disamba 1959 an yi rajista, an kuma jefa ƙuri'a a asirce, kowane ɗan takara da akwatinsa mai alamar jam'iyya: fartanya ta NPC, tauraro na NEPU. Sai dai maza kaɗai suka yi zaɓe a Jihar Arewa. Mata ba su sami wannan dama ba sai a zaɓen ƙananan hukumomi na 1976, shekarar da Kankiya ta zama ƙaramar hukuma a tsohuwar Jihar Kaduna.

Zamanin Kati Marar Hoto

Shigowar mata ta ninka yawan masu zaɓe, ta kuma raunana shaidar ido, tun da yake dagaci bai san fuskar matan aure na kowane gida ba. Bugu da ƙari, a 1979 gwamnatin Alhaji Balarabe Musa ta soke haraji, takardarsa ta daina zama shaida. Abin da ya rage shi ne katin Hukumar FEDECO, mai ɗauke da suna amma babu hoto, saboda haka duk wanda ya riƙe shi zai iya cewa nasa ne. Rajistar ƙasa ta tashi daga kimanin miliyan 48 a 1979 zuwa fiye da miliyan 65 a 1983, ƙarin da mutane da yawa suka ƙi amincewa da shi.

Wannan rashin yarda ne ya sa, bayan ƙirƙiro Jihar Katsina a 1987, hukumar zaɓe ta Farfesa Humphrey Nwosu ta koma ga tsarin bin layi, inda ake tsayawa a bayan hoton ɗan takara a ƙirga mutane a fili. Wato an sake komawa ga ido, an sayi gaskiyar lissafi da asirin ƙuri'a, domin talakan da ya tsaya a layin da mai gida ba ya so, kowa ya gan shi.

Zamanin Hoto da Na'ura

An fara ɗaukar hoto da zanen yatsa da kwamfuta a rajistar 2006, amma aikin bai yi kyau ba. Shugaba Umaru Musa 'Yar'aduwa da kansa ya amsa cewa zaɓen 2007 yana da naƙasu, ya kafa kwamitin Mai Shari'a Muhammadu Lawal Uwais. A farkon 2011 Hukumar INEC, ƙarƙashin Farfesa Attahiru Jega, ta yi sabuwar rajista ta mutum kimanin miliyan 73. A 2015 aka yi amfani da katin dindindin mai hoto da na'urar karanta shi. Inda na'ura ta kasa gane yatsa, kamar yadda takan faru da tsofaffi da manoman da aiki ya cinye zanen hannunsu, sai a cike wata takarda a bar mutum ya yi zaɓe, wannan kuwa ya buɗe wata ƙofar ta maguɗi.

A 2016 Kotun Ƙoli ta yanke hukunci cewa na'urar ba ta maye gurbin rajista ba, domin umurnin hukuma ne ya kawo ta, ba dokar majalisa ba. Dokar Zaɓe ta 2022 ce ta cike wannan giɓi, aka yi zaɓen 2023 da na'urar BVAS, mai duba yatsa ko fuska.

Batun Tsarin Mulki

A Amurka kowace jiha tana da tsarin mulkinta, shi ya sa jihohi kamar Mississippi a 2011, da Nebraska a 2022, da Wisconsin a 2025 suka sa sharaɗin nuna shaida mai hoto a cikinsa. Masu goyon baya suna cewa hakan yana ƙara wa jama'a yarda da zaɓe, masu suka suna cewa yana hana matalauta da tsofaffi. Mu a nan lamarin dabam yake. Jihar Arewa ta taɓa samun tsarin mulkinta a Jamhuriya ta Farko, amma Jihar Katsina ba ta da shi. Rajistar masu zaɓe aikin INEC ne, har hukumar zaɓe ta jiha da ita take aiki a zaɓen ƙananan hukumomi. Gyaran Tsarin Mulkin 1999 kuwa sai da yardar kashi biyu cikin uku na Majalisar Tarayya da majalisun jihohi 24 daga cikin 36. Ashe ke nan majalisar Katsina murya ɗaya ce a cikin taro.

Kammalawa

Abin da tarihin nan ya nuna mana shi ne, kowace hanyar tantancewa ta toshe wata ɓaraka ta kuma bar wata. Hoto ya rage zaɓe da sunan wani, amma ba ya faɗin shekarun mutum, kamar yadda cece-ku-cen zaɓen ƙananan hukumomin Kano na 2018 ya nuna, ba ya kuma hana sayen ƙuri'a. Haka nan ya ɗora wa talaka sabon nauyi. A 2023 katuna fiye da miliyan 6 ne ba a karɓa ba daga cikin miliyan 93 da aka yi wa rajista, kuma wanda ba shi da kati ba shi da ƙuri'a. Manomin ƙauyen Kusada da ya tafi cin rani, da matar da ke kulle a Kankiya, su ne irin waɗanda wannan sharaɗi ya fi shafa.

Saboda haka muna ganin sharaɗin hoto ba zai zama adalci ba sai an kai rajista da rabon kati har mazaɓa, an sa ma'aikata mata inda ake bukatarsu, an kuma ƙarfafa rajistar haihuwa. Muna kuma roƙon 'yan'uwa malamai su himmatu wajen tattara bayanan dattawan da suka ga zaɓen 1959 tun suna raye. Allah ya sa mu dace.